Gadin da Ɗanliti Ya Yi wa Akwatin Ƙuri'a

Malam Ɗanliti ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba, kuma ba yau ya fara ba. Tun yana tela a Gwale, kafin ya zo Amurka, shi ake nema duk ranar zaɓe ya tsaya wakili a rumfa. Ya jefa ƙuri'arsa da sassafe, ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya raka takardar sakamako har inda ake tattarawa. Sau ɗaya ya tafi salla, ya dawo ya tarar akwati ya fi yadda ya bar shi cika, har gobe bai yafe wa kansa ba.

Shekara goma sha tara ke nan yana Beltsville, yana rage wando da canza zif a wani shagon wanki da guga. Ko mai wando ya ce inci biyu, sai ya sake aunawa. Da ya zama ɗan ƙasa ya yi zaɓe sau biyu, ya bi layi da ƙafarsa, ya fito yana mita: ba tawada a yatsa, ba wanda ya ce ya nuna kati.

Bana aka yi masa aikin gwiwar hagu, tsayuwar layi ta gagara. 'Yarsa Humaira ta nema masa ƙuri'ar da ake aikowa gida a ambulan.

Ta ce, "Baba, ka cike, ka sa hannu, a sa a mail. Shi ke nan."

"In ba ɗan gidan waya ƙuri'ata? Na san shi? Na san wanda yake so?"

Da ƙyar ya yarda da akwatin ƙarfen da jami'an zaɓe suka kafa a gaban ɗakin taron unguwa. Ya tuƙa kansa ya je ya jefa. Sai ya ga kowa ya jefa sai ya juya ya tafi, an bar akwati a bakin titi kamar na shara, da ƙuri'arsa a ciki. Hankalinsa ya tashi. Ya gyara fakin ya fuskanci akwatin, ya ɗauko littafin awonsa, duk wanda ya jefa sai ya ja layi. Wanda ya zo da ambulan biyu kuwa, sai ya ƙura masa ido har ya bar wurin. Kwana uku yana wannan aiki, daga hantsi zuwa la'asar.

A rana ta uku wata mata mai kati a wuya ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Ta ce sunanta Irene, tana cikin masu kwashe ƙuri'un.

"An kira mu sau huɗu a kanka. Me kake rubutawa?"

Ya miƙa mata littafin yana jiran godiya. "Gadi nake muku, kuma kyauta."

Ta nuna masa kyamarar da ke saman akwatin. Ya ce kyamara ba ta bin ɓarawo da gudu. Irene ba ta yi dariya ba. Ta ce jiya wata tsohuwa ta kira su, wai ta zo da ambulan ɗinta ta ga mutum a mota yana rubuta masu zaɓe, ta ji tsoro ta koma gida da shi. Tsohuwar ta kashe waya ba ta faɗi suna ba.

Ɗanliti ya tuna ta sarai. Mai shuɗiyar rigar sanyi, tana dogara sanda. Ta tsaya ta dube shi, ta juya. Shi kuwa har alama ya yi mata a littafi, ya ce a ransa ga mai ƙuri'ar bogi ta ga ido ta fasa. Kunya ta kama shi har ya kasa duban Irene. Ya tada mota ya tafi.

Bayan kwana biyu Humaira ta shigo da waya a hannu tana murmushi.

"Ka gani, Baba? Sun turo text, ƙuri'arka ta isa."

Ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa.

"Duba min ta wata mata, tsohuwa, mai shuɗiyar riga."

"Baba, ai sai da suna."

Ya miƙa mata wayar. Bai san sunanta ba.