Shingen Zogalan Rabi

Rabi ta tsufa a Malanbil tana sayar da kopto, kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, a bakin kasuwar albasa. Shingen gidanta zogala ne, shi ne kuma jarinta. Da shi ta ciyar da ɗanta Rachidi har ya yi karatu ya haye Ingila. Burinta ɗaya a duniya: ta sare shingen nan ta ja katangar siminti, a daina kwatance da gidanta ana cewa "gidan mai ganye".

Rachidi ya aiko da abin gini. Ranar da Audi magini ya iso da gatari, Rabi ta yi wa ɗanta kiran bidiyo a salula, ya ga faɗuwar talauci da idonsa.

Shi kuma ya juya mata tasa salular. Ya daɗe yana cewa harkar abinci yake yi, ita ta ɗauka wani ofis ne. Ashe rumfa ce a wata kasuwa a Birmingham. Ana ruwa, Turawa sun ja layi da lema, tsit kamar masu jiran liman.

"Mi suke jira?" in ji Rabi.

"Kopto, Inna. Busasshen ganyen da kike aiko mini."

"Na ɗauka kai ke ci."

"Ni shinkafa nake ci."

Ya zagaya da ita kasuwar. Nan miyar Indiya, can taliyar Sin, gaba gasasshen naman Turkawa, ko'ina Turawa ne, suna share hawayen barkono suna godiya. Wani dattijo cikin kwat ya karɓi kopto da hannu biyu, ya kai loma, ya lumshe ido.

"To su, ina nasu tuwon?"

"Akwai. Kifi da dankali. Ba su cika zancensa ba."

Rabi ta daɗe tana kallo, hannu a haɓa. Mutanen da aka ce sun mallaki rabin duniya. Ashe cefane suka fita.

Audi ya yi gyaran murya, ya ɗora gatari a gindin itacen farko. "Inna, in sara?"

Ta dubi ganyen da take rufewa da faifai idan baƙin kunya sun shigo. Iska na kaɗa shi, bai san an yi da shi ba.

"Malam Audi, ja katangarka ta bayan itatuwan nan," ta ce. "Ka ƙara mata tsawo. Awakin maƙwabcina Ɗan'inna sun daɗe suna cin abincin Turawa a banza."