Tururuwar Da Ta Tona Mini Asiri

Matasa, ni ɗan Maraɗi ne, kuma kafin in lalace, aikina loda jakunkunan alhazai a filin jirgin Madina. Ikamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kafilina, uban gidan da ya tsaya mini, bai taɓa kuka da ni ba. Abu biyu na iya tun ina makaranta: Faransanci da zane.

A unguwar Azizya na san wani dattijon likita, muna ce masa Baba Likita. Yana tara tsofaffin hotunan yaƙi na Faransawa, irin waɗanda ake ƙarzawa a farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda. Ba ya rataye su, a akwati yake ajiyewa. Kakansa mutumin Damagaram ne, Faransawa suka tafi da shi yaƙi bai dawo ba, ko hotonsa babu. Baba yakan bi fuskokin sojojin ɗaya bayan ɗaya da gilashi, ko Allah zai sa ya ga kakan.

Ni ke karanta masa rubutun ƙasan hotunan. Na lura in na ƙara gishiri yana jin daɗi, sai na riƙa ƙarawa. Daga nan na fara lalacewa.

Wata rana na kwafi wani hoto da alƙalamin tawada, na mayar da soja ɗaya baƙi, na yi masa zanen fuska irin wanda Baba ya ce kakansa na da shi. Don takardar ta tsufa, na jiƙa ta da ragowar shayin fulas ɗina, na shanya. Na ce wani alhaji ɗan Aljeriya ne ya sayar mini.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗana, wallahi shi ne." Ya yi kuka, ni kuma na karɓi kuɗi. Da na ga abin ya tafi, na yi wasu na sayar wa abokinsa, wani injiniya ɗan Sham.

Abin da na manta, ni ban taɓa dafa shayi ba sukari ba. Bayan kwana uku Baba ya buɗe akwati gaban injiniyan, sai ga tururuwa ta yi layi, ta tsallake duk hotunan gaske, ta taru a kan nawa. Injiniya ya shinshina, ya ji na'ana. Bai tsaya ko'ina ba sai wurin 'yan sanda.

Na sha ɗauri, kuma na cancanta. Ban ji zafin gidan yari kamar yadda na ji kunyar hawayen dattijon nan ba.

Ana saura kaɗan a mayar da ni gida, aka ce ina da baƙo. Baba Likita ne. Na kasa ɗaga kai, na ce ya yafe mini. Sai ya fashe da dariya.

"Kai, ko tsohon hoto sai ka sa masa sukari? Halas, ya wuce, na yafe. Amma ban yar da hoton ba."

Ya ce shekara da shekaru yana nema a hannun Turawa, bai ga wanda ya damu ya zana fuskar kakansa ba sai ɓarawo.

"In ka isa gida, ka sake zana mini shi a farar takarda, ka sa sunanka a ƙasa."

Aka sallame ni, aka sa ni a jirgi. Zanen kakan nan shi ne aikin farko da na yi a Maraɗi, na aika masa ta hannun wani alhaji. Yau da zane nake ci da iyalina, cikin farin ciki, na tuba ga Allah.

Ku da kuke tasowa, kada ku taɓa cin abinci da hawayen mutum. In Allah ya ba ku hannu, ku yi aikin da za ku iya sa sunanku a ƙasansa. Ni sai da tururuwa ta koya mini.