Ƙafar Mang Celso

Ka taɓa ƙirga sau nawa ƙafarka take yin aiki ba ta shawarce ka ba? Ta Mang Celso Dimaculangan, direban jifni, motar haya mai dogayen bencina, a garin Tanauan kudu da Manila, ta shekara talatin da ɗaya tana taka birki duk inda aka ɗaga hannu.

'Yarsa Jonalyn ta yi shekara tara tana jifan ƙwallo a ƙungiyar mata ta besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, bai taɓa ganin jifanta ba, domin Lahadi ranar fasinja ce. Wannan Lahadin kuwa wasanta na ƙarshe ne, a Manila, kafin ta tafi aikin jinya ƙasar waje. Kilomita sittin da biyar, wasa ƙarfe ɗaya. Ya ɗebi dangi goma sha ɗaya, tukunyar shinkafa biyu, naman adobo kula uku, suka tashi ƙarfe goma.

Ba su bar gari ba wata tsohuwa ta ɗaga hannu. Ƙiii, birki.

"Baban Jonalyn, yau ba haya muke ba!" in ji matarsa, Aling Remy.

"Wallahi ba ni ba ne, ƙafar ce."

"To a sauke ƙafar ta hau wata motar," in ji ƙaninta Boyet daga baya.

Kafin garin Calamba ya tsaya sau goma sha huɗu, kowace tsayawa sai ya ba da haƙuri, har da kwatancen motar da za a shiga. Ga cunkoso. Ƙarfe ɗaya ta yi musu a hanya.

Aling Remy ta lura ba ya taka birki sai ya leƙa dogon madubin da ke saman kansa. Gurbi yake gani a benci.

"Ku baje! Kowa ya ci wurin mutum biyu. Tukwane kan kujera. Boyet, fita ka maƙale a ƙofa."

"Ni, Yaya? Da wannan tumbin?"

"Tumbin ne zai rufe ƙofar."

Wani ya ɗaga hannu. Mang Celso ya leƙa madubi, ya ga mota taf, ya wuce abinsa. Hannu ashirin da shida ya wuce haka.

Sun shiga filin wasa a zagaye na shida. Jonalyn ta gaji, ana shirin canza ta. Jifa tara ya gani: biyar masu kyau, uku a waje, ɗaya kuma mai kulki ta maka ƙwallon har katanga. Ya miƙe ya yi wa duka taran tafi.

Kai ma in wata ɗabi'a ta fi ƙarfinka, bar yi mata faɗa. Nemo madubin da take leƙawa ka cika shi. Gwada wannan makon, ka ƙirga.