Ranar da na ƙona busasshe don in busar da ɗanye

Shekarun baya, lokacin Nasara ba su daɗe da kama ƙasar Damagaram ba, aka yi shela a Matamaye cewa kumandan, Baturen mulkin ƙasar, zai sauka garinmu jibi. Kowane gida zai kai dami uku na busasshen itace masaukinsa. Wanda ya kai ɗanye har ya yi wa kumandan hayaƙi, aikin hanya na wata guda ya kama shi. Ga shi tsakiyar damina, geron gonata yana jiran maimai. In na yi wata ba na nan, ciyawa ce za ta ci gonar.

Mahaifiyata ta tafi barka Yauri, gida ya rage sai ni da wayona, wanda a lokacin nake ganin ya fi na kowa. Na nufi wajen Kurni, na saro kalgo da sabara dami uku, ɗanyu sharaf, ruwa ya ƙara musu duka a hanya. Rana kuwa ta ƙi leƙowa.

Abokina mai tsire ya shigo ya tarar da ni na yi tagumi. Ya ce, "Kai, wannan har abin damuwa ne? Nama ma da wuta muke ƙafar da shi, balle ice."

Wallahi har rungume shi na yi. Muka kafa gado kamar na banda, muka jera ɗanyen a sama. Saura abin hurawa. A rumfar girkin mahaifiyata akwai ƙirya da ta tara tun rani, busasshiya ƙayau, ga kara, ga busasshen kashin shanu. Muka fara da kara, ya cinye kafin mu zauna. Muka bi da kashin shanu. Daga nan na ce bari mu ɗan taɓa ƙiryar, dami ɗaya kawai.

Ɗanyen nan yana ta tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa. Abokina ya ce, "Ka ji ko? Ruwan ne ke gudu. Ƙara wuta!" Na ƙara. Kafin la'asar rumfa ta zama wayam. Na fasa guda in gani: baya baƙi ƙirin, ciki jiƙe kamar rake.

Daidai nan mahaifiyata ta yi sallama. Abokina ya tuna yana da nama a kasuwa, ya bi ta bayan darni. Ta dubi rumfa, ta dubi toka, ta dube ni.

"Dami nawa aka ce ka kai?"

"Uku, Inna."

"Nawa ka ƙona?"

"Bakwai."

"Ɗanyu ne bakwai ɗin?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Da na ɗauki uku cikin nata na kai, na jingine nawa a rumfa, da tun hantsi na gama. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Gatari ta miƙo mini, ta nuna rumfar girkinta. Muka rushe ta, na faskara dirkokin da suka yi shekaru suna bushewa, suka cika dami uku cif. Washegari na kai, gardi, wato dogarin kumandan, ya buga guda biyu da juna, ya ji sun yi ƙara, ya ce in wuce. Gonata ta tsira.

Nawa kuwa ta sa na tsaga su sirara na jingine a zaure, inda iska ta busar da su ba tare da ta ci ko tsinke ba. Amma kafin su bushe, da su aka yi girki a tsakar gida, kuma ni aka ba aikin hura wuta. Ƙato da gemu, durƙushe gaban murhu safe da yamma, hawaye shaɓe-shaɓe. In maƙwabta sun tambaya, sai ta ce, "Ku ƙyale shi, ice yake busarwa."

Na sake gina mata rumfa da kaka. Yanzu ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Har yau in wani ya zo mini da dabarar da za ta gyara komai, ba na musu da shi. Tambaya ɗaya nake yi masa, da muryarta: nawa za a ƙona?