Littafin Nomau Tela da Gara Ta Ci a Buro

Shekarun Nomau hamsin da biyu, tela ne a kasuwar Agiye, bai taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko. Kafin ya kama ɗinki ya yi shekara goma sha huɗu yana kuku a gidan wani Baturen kamfani a Kano. A nan ya tsinci Ingilishi. Duk kalmar da ya ji sai ya sa ta a littafin rubutunsa mai baƙin bango: kalma a hagu, kishiyarta a dama, a ƙasa kuma jimla guda da ke nuna yadda ake faɗinta. Tsada da araha. Nauyi da shafal. Jiƙaƙƙe da busasshe. Yakan ce kalma kamar mangalar jaki take, in ka ɗora gefe ɗaya kawai sai ta zube.

Da ya dawo gida, fatake masu kai wake Katsina suka riƙa zama a rumfarsa bayan la'asar ranar kasuwa. Magidanta ne, sun gaji da tsayawa baki buɗe gaban akawun kamfani. Nomau na taka keken ɗinki yana jefa kalma, su kuma suna mayar masa da kishiyarta.

"Maikuɗi, shekara biyu kana nan, har yau ba ka raba sama da ƙasa ba?" in ji Nomau ga ɗaya daga cikin fataken.

"Malam, ai a Katsina ma da ido nake ciniki."

"Shi ya sa kullum kake dawowa da ido ja."

A shekara ta huɗu da samun mulkin kai, lokacin da hukuma ke zargin duk abin da ya tsallako iyaka, wani jandarma ya tsaya a rumfar. Ya ɗauki littafin ya buɗe. Ba ya jin Ingilishi, bai kuma tambaya ba. Layi biyu ya gani, ya yanke hukunci: sunayen masu bin gwamnati ne a gefe ɗaya, na waɗanda za a yi wa illa a ɗayan.

"Ranka ya daɗe, sanyi da zafi ne a wannan shafin," in ji Nomau. "Kira duk wanda ka yarda da shi ya karanta."

"Kai tela, ni za ka koya wa aiki?"

Kwana uku ya yi a kulle. Aka aika littafin Maraɗi, wani malamin lakol ya duba, ya ce ba komai ciki sai darasi. Aka saki Nomau, ba wanda ya ce masa sannu. Littafin kuwa aka ce yana buro, ofishin jandarma, ya dawo gobe.

Ya koma sau bakwai cikin wata takwas. Yau mai makulli ya tafi ƙauye, gobe shugaba na taro. Kowace tafiya sai ya rufe rumfa, ya zauna kan benci tun hantsi har azahar. Mutum ya tara abu shekara goma sha huɗu a bakin murhu, tsakanin yankan albasa da wankin tukunya, wanda bai iya karanta harafi ɗaya cikinsa ba ya ɗauke shi cikin ƙiftawar ido.

A zuwan na bakwai wani masinja ya miƙo masa bangon. An jefa littafin bayan kabad a ƙasa, damina ta wuce a kansa, gara ta cinye. Shafi huɗu suka rage.

"To a rubuta mini takarda cewa a hannunku ya lalace."

"Baba, wa zai sa hannu? Ka yi haƙuri."

"Haƙurin ma ku kuka kulle shi a kabad?"

Ranar kasuwar da ta biyo baya Nomau bai buɗe keke ba. Ya sayi sabon littafi, ya tara fataken, ya ce kowa ya amayo abin da ya ci. Maikuɗi ya kawo kalma goma sha ɗaya, uku ba daidai ba. Sanda, mai jakuna, ya kawo ashirin. Daga kalmomi kusan ɗari tara da ke tsohon littafin, sittin da ɗaya suka samu kafin kiran magariba. Nomau ya ja layi a shafi na gaba, ya ce kowa ya dawo da wasu mako mai zuwa.