Rigar Turmin Fari

Ni ɗan unguwar Adjamé ne, a bayan kasuwar Roxy aka haife ni. Mahaifina ya zo daga wajen Maradi tun yana saurayi, yana sayar da garba a bakin tasha, wato aceke, turararren garin rogo, da soyayyen kifi. Da wannan sana'ar ya riƙe mu har ya rasu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce tarbiyya na rasa. Ban rasa ba. Karatu ne dai bai shige ni ba, abin da Allah ya ba ni shi ne jiki. Idan na tsaya a ƙofar shago, mai neman rigima yakan canza hanya. Ina salla, ba na shan komai, kuma uwata tana yi mini addu'a kullum.

Ina da shekara ashirin da huɗu aka kai ni wurin Hajiya Balki. Babbar 'yar kasuwar atamfa ce a kasuwar Treichville, irin waɗanda suke fitar da nasu zanen, a bugo musu a waje, a kawo a kwantena. Ba ta fi ni da shekara bakwai ba. Mijinta Alhaji ya rasu, tana fita takaba ta karɓi kasuwancin, sai wata rana wani ɓarawo ya fizge mata jaka a Roxy, ya yanke ta a hannu. Aikina shi ne in riƙa bin bayanta taku biyu, duk inda ta sa ƙafa.

Abin da na fara lura da shi a tattare da ita shi ne waiwaye. Ba ta yin taku goma ba ta juya ta dubi bayanta ba. Ba ta yi mini magana sai da Faransanci, ba ta kuma kira na da komai sai "garde", wato mai gadi. Ni ma ban damu ba, aiki na zo yi.

A hankali abubuwa suka riƙa sauyawa, ta yadda ba zan iya nuna muku ranar da suka fara ba. Wata rana ta ji ina waya da uwata, ta ce, "Ashe kana jin Hausa haka, ka bar ni ina wahala?" Daga nan ta fara kiran sunana. Idan an kawo mata abinci a shago sai ta ce ya yi mata yawa, alhali ita ce ta ce a zubo na mutum biyu. Takan yi mini tsiya cewa ƙato kamata yana tsoron ruwa, domin duk ranar Alhamis da muke shiga jirgin ruwa a tashar Treichville za ta je gaishe da mahaifiyarta a tsallake, nakan riƙe ƙarfe da hannu biyu. Wajen shekara guda, sai na ga ta daina waiwaye. Takan ratsa kasuwa kanta a miƙe, domin ta san ina nan. Ina son ta, kuma ban faɗa wa kowa ba, ko ni kaina ban yarda na faɗa wa kaina sosai ba.

Yanzu ku ji inda na fara lalacewa. Ƙananan 'yan kasuwa da suke son ganinta sukan ɗan saka mini na goro a aljihu don in shigar da su gaba. Na farko na ƙi, na biyu na karɓa. Sai Sido, abokina tun muna yara a Roxy, ya same ni. Ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ba wani abu ba ne. Ka dai gaya mini ranar da kwantenarta za ta fito daga tashar jirgin ruwa." Na ce a raina, magana ce kawai, ba kayan kowa na ɗauka ba. Na gaya masa, ya ba ni rabona.

A sana'ar atamfa, sabon zane sirri ne. Ana ɓoye shi har ranar da za a fito da shi, saboda da zarar hotonsa ya fita, masu buga jabu za su cika gari da shi a farashi mai araha. Hajiya ba ta nuna samfurinta ga kowa, amma a gabana takan shimfiɗa shi ta ce, "Ya ka gani?" Sido ya ce in ɗauko masa hoto. Na ɗauka. Kafin nata ya iso, jabunsa ya rigaya ya cika Adjamé. Ranar ta zauna a shago ba ta ci komai ba, ta dube ni ta ce, "Duk cikinsu kai kaɗai ne ba na zargi." Na sunkuyar da kai, ita kuma ta ɗauka tausayinta nake ji.

Za ku ce, wane irin so ne wannan? Ni ma na tambayi kaina shekara biyar. Abin da nake gaya wa zuciyata a lokacin shi ne, mai bin baya taku biyu ba zai taɓa jerawa da ita ba sai ya tara nasa. Wato ina satar mata ne don in kai matsayin da zan nemi aurenta. Ku dubi wauta.

Akwai wata Alhamis da ruwan sama ya tare mu a tsakiyar ruwa. Jirgin ya rage gudu, mutane suka yi tsit. Hajiya ta jingina kanta da taga, barci ya ɗauke ta. Na zauna ban motsa ba har muka isa. Da ta farka ta yi murmushi ta ce, "Ka san rabon da in runtsa ido a waje? Tun Alhaji yana da rai." A cikin aljihuna a lokacin akwai wayar da na tura wa Sido hoto na biyu da safiyar ranar.

Ana saura wata guda Babbar Salla sabon zanenta ya iso, wanda ta ɓoye ma kowa har ni. Sai ta kira Malam Isufu, tsohon telan gidansu, ta ce ya gwada ni. Na tambaye ta na mene ne, ta ce, "Kai dai tsaya a gwada ka," ta juya tana gyara kaya, ba ta dube ni ba. Da na ba Sido labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Yako! Sannu! Yunifom za a ɗinka maka, irin na masu gadin banki. Kai kana mafarkin aure, ita tana ɗinka wa yaronta kayan aiki." Maganar ta shige ni kamar ƙaya. Shekara biyu ina bin ta, ashe abin da nake a wurinta ke nan. Washegari na danna makullin ɗakin ajiyarta a jikin sabulu na kai masa.

Ranar Juma'a suka zo, lokacin da maza suka tafi masallaci, da mota da ledojin ɗaukar kaya kamar ma'aikata. Ni ne na ja Hajiya zuwa wani gefen kasuwa don kada ta gani. Sido ya rantse mini ba za a taɓa kowa ba. Amma Baba Hamidu mai gadi bai je masallaci ba ranar, ƙafarsa na ciwo. Ya tare su, suka buga masa ƙarfe a kai. Bai mutu ba, amma bai sake magana daidai ba.

Bayan kwana tara aka kama Sido, a wayarsa kuma aka ga komai, aka zo aka kama ni. Hajiya ta zo ofishin 'yan sanda sau ɗaya. Na zaci za ta zage ni, da ma ta zage ni. Ta tsaya nesa ta ce, "Tun yaushe?" Na ce wata bakwai. Ta yi lissafi da ido, sannan ta ce, "Har ranar ruwan nan?" Na ce e. Ta gyaɗa kai ta fita.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba. Akwai yunwa, akwai ƙazanta, akwai wulaƙanci. Uwata ta rasu ina ciki, ban ga gawarta ba. A can na koma ga Allah da gaske, na koyi karatun da na guje wa ina yaro. Amma abin da ya fi cin raina shi ne tambayar nan tata.

Da aka sake ni, na fara zuwa neman gafarar Baba Hamidu, aka ce ya rasu bara. Ina fitowa daga layinsu sai na ji an kira ni. Malam Isufu ne, ya tsufa ƙwarai. Ya shigar da ni shagonsa, ya jawo wata leda daga ƙarƙashin keken ɗinki, ya ajiye a gabana. Riga ce ta atamfa, shuɗiya, ɗinkin hannu a wuya. Na ce, "Baba, yunifom ɗin ne?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Yaro, kai kaɗai ne a kasuwar nan ba ka sani ba. Duk sabon zanen da ta fitar, turmin fari ba a sayar da shi. Alhaji ake ɗinka wa, shi ne mai fara sa shi. Tun da ya rasu take tara su a akwati, ba ta bari almakashi ya taɓa ko ɗaya ba. Ranar ta kawo mini wannan da hannunta ta ce, ɗinka masa irin na Alhaji. Kawunta ma ya shirya zuwa wurin mahaifiyarka bayan Salla." Ya ce da abin ya faru ta ce ya ƙone ta, shi kuma hannunsa ya kasa.

Na zauna a ƙasan shagon na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka yanke mini hukunci. Da na gwada rigar a gida, ta yi mini yawa. Mutumin da aka gwada wa ita ya fi ni cika.

Yanzu ina soya kifi a wajen wani mai garba kusa da tashar jirgin ruwa ta Treichville, sana'ar ubana da na raina. Na aika mata da neman gafara ta hannun limami, ta ce ta yafe, amma kada in tare ta. Ban tare ta ba.

Ƙannena, ga abin da zan ce muku. Kada ku karɓi na goro a kan amanar da aka ba ku, domin daga nan na fara. Kada ku bari aboki ya fassara muku zuciyar wanda ya yarda da ku. In ba ku gane ba, ku buɗe baki ku tambaya. Kuma kada ku ce za ku cuci mutum yau don ku kyautata masa gobe. Atamfar da aka kwashe an samo mafi yawanta, amma akwai abin da na ɗauke wanda babu kotun da za ta mayar.

Duk Alhamis nakan hango ta daga bayan hayaƙin mai, tana saukowa zuwa jirgi. Ba ta sake yin aure ba, ba ta kuma sake ɗaukar mai tsaro ba. Ita kaɗai take tafiya, jakarta a ƙirji, kuma ba ta yin taku goma ba ta waiwaya ba.