Waƙar Niƙa a Gidan Habboba

Muna zaune a tsakar gidan Habboba Asabe, tsohuwar da ke koya wa matan ƙauyenmu waƙoƙin dā, sai ta turo mana dutsen niƙa da kwanon dawa.

Na ce, "Habboba, waƙa muka zo koya. Ga tahuna, injin niƙa, can bakin kasuwa."

Ta ce, "Tahuna tana numfashi? Waƙar niƙa bayan dutse take bi. Durƙusa, jikata."

Muka yi ta niƙa muna amshi har hannuna ya yi bororo. Baiti ɗaya tak ta ba mu.

Ta kwashe garin kisrarta, wainar dawa da take yi, ta ce gobe waƙar daka ce, kowacce ta zo da taɓarya.

Jama'a, ku raba mana gardama ni da ita: koyo muke, ko aikatau?